Wane lasisi zan sa wa kod ɗina? Jagora ga 'yan Zango masu rubuta manhaja

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Samarinmu da 'yan matanmu na Aboabo da Asawase da Sawaba, da waɗanda ke karatu a KNUST da masu leƙawa Kumasi Hive, Allah ya sa albarka yanzu suna rubuta kod sosai, kusan kowa na da GitHub, shafin da ake ajiye kod ana rabawa, sai kaga an turo adireshi a gurup ɗin WhatsApp ana cewa "ga shi nan na buɗe, kowa ya ɗauka fisabilillahi". Ka shiga ka duba, babu fayil ɗin LICENSE mai ɗauke da lasisi, wato izinin amfani da kod, babu ko layi ɗaya a README, fayil ɗin bayanin aikin, da ya faɗi abin da aka yarda a yi da kod ɗin. Niyya mai kyau ce wallahi, amma a doka ba ka ba kowa komai ba.

Dalili kuwa shi ne haƙƙin mallaka ba sai ka yi rajista yake kama aikinka ba, da ka rubuta ya zama naka. Ghana tana cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe tun 1991, kuma dokarmu ta haƙƙin mallaka ta 2005, Act 690, ta saka manhajar kwamfuta cikin abubuwan da take karewa. Toh kod ɗin da ba shi da lasisi, hukuncinsa shi ne mai shi ya riƙe komai. Ka'idojin GitHub sun ba mutane damar su kalla su kuma yi fok, wato su yi kwafin aikin, a cikin GitHub ɗin, iyakarta kenan, amma su saka a manhajarsu, su gyara su rarraba, su sayar, duk babu izini. Kamar fili ne da mai shi yace maka da baki "je ka gina" amma bai ba ka takarda ba, duk wanda ya san rigimar fili a garin nan ya san mai hankali ba zai zuba siminti a kai ba. Shi yasa kamfanonin kirki ba sa taɓa kod mara lasisi komai kyansa.

Mataki na farko, kafin ma kayi tunanin lasisin MIT ko na GPL, ka tambayi kanka: kod ɗin nan nawa ne da gaske? Ba za ka bada abin da ba naka ba. Act 690 tace idan babu wata yarjejeniya ta daban, haƙƙin cin moriyar aiki yana hannun wanda ya ɗauke ka aiki ko wanda ya ba ka kwangilar yinsa. Misali wani Alhaji mai shago a Adum ya biya ka ta MoMo ka rubuta masa manhajar lissafin kaya, bayan wata uku kace bari in sa a GitHub yara su koya, toh ɗan'uwa tsaya tukuna, ka koma wajen Alhaji ka nemi izini kuma ya zama a rubuce ko da takarda ce mai layi biyar da sa hannunsa. Mafi kyau ma tun ranar ciniki ka faɗa masa, "Alhaji, ɓangaren da ya shafi shagonka naka ne, amma ƙananan kayan aikin da nake amfani da su a kowane aiki nawa ne, zan iya buɗe su". Ɗalibi mai aikin shekarar ƙarshe ya duba dokar makarantarsa kan wannan, mai bautar ƙasa ko mai aiki a kamfani ya karanta takardar ɗaukarsa aiki. In ku uku kuka rubuta, ku ukun ne za ku yarda.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma nan matsala take ɓuya: me ka ɗauko daga wajen wasu? Babu wanda ke rubuta manhaja daga sifili yanzu, umarnin npm install ɗaya zai jawo maka ɗaruruwan laburare, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta, kuma kowanne da lasisinsa. Masu JavaScript su gudanar da license-checker, masu Python akwai pip-licenses, in aikin babba ne ScanCode ko FOSSology za su bi fayil-fayil su fito maka da abin da ke ciki. Ka zauna ka karanta jerin. Abin da kake nema shi ne duk inda aka rubuta GPL ko AGPL, da inda aka rubuta UNKNOWN ko ba komai.

Bari in ba da misalin da ya shafe mu, don kusan kowane yaro a Zango manhajarsa ta farko ta lokutan sallah ce. Laburaren Adhan da ake lissafin lokuta da shi MIT ne, babu wahala. Fon ɗin Amiri na rubutun Larabci yana ƙarƙashin OFL, lasisin da aka yi don fon, za ka iya saka shi a manhajarka har ka sayar da manhajar amma ba za ka sayar da fon ɗin shi kaɗai ba. Toh sautin kiran sallar da ka sauke daga YouTube fa? Fassarar addu'o'in da ka kwafo daga wani shafi fa? Hoton masallacin da ka samo a Google? Waɗannan duk suna da masu su, kuma lasisin da za ka sa wa kod ɗinka ba zai rufe su ba. Haka amsoshin Stack Overflow, shafin tambayoyin masu kod, suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons na CC BY-SA, in ka kwafo dogon abu daga can ba za ka share sunan mai shi ka ce MIT ne ba.

Kada kace wa zai lura. A watan Maris na 2021 wani ƙaramin laburaren yaren kod na Ruby mai suna mimemagic, wanda yake ɗauke da lasisin MIT, an gano cewa a cikinsa akwai fayil ɗin bayanai da aka ɗauko daga shared-mime-info wanda GPL ne. Mai kula da shi ya janye tsoffin fitowar, kuma da yake Rails, tsarin da ake gina shafuka da shi a Ruby, ya dogara da shi, mutane a duk duniya suka wayi gari manhajarsu ta ƙi haɗuwa. Fayil ɗaya fa.

Yanzu mataki na uku, zaɓin kansa. Ni abin da nake gaya wa ƙannenmu shi ne kar ku fara da haddace sunaye, ku fara da tambayar me zai ɓata muku rai. Ka ɗauka wani kamfani a Accra, can East Legon, ya ɗauki kod ɗinka ya ƙara masa abubuwa ya rufe, yana sayar wa bankuna yana cin sidi, kai kuma sunanka kawai yana wani lungu a shafin godiya. In ka ji wannan kace "Alhamdulillah aikina ya amfanar", toh kai ɗan gidan lasisi masu sassauci ne. In kaji zuciyarka ta tafasa kace "ai na bayar ne don kowa ya samu, shi ma dole ya buɗe nasa", toh gidan GPL zaka. Duka biyun halal ne, babu wanda ya fi wani tsarki, amma ka amsa da gaskiya don bayan ka saki ba ka da damar kuka.

Masu sassaucin su ne MIT da BSD da Apache 2.0. MIT gajere ne, minti biyu ka gama karantawa: yi duk abin da kake so, sharaɗi kawai ka bar sunan mai haƙƙi da rubutun lasisin a cikin kwafin, kuma babu garanti, in ya lalata maka aiki kar ka neme ni. BSD mai sharaɗi biyu kusan haka yake, mai sharaɗi uku ya ƙara cewa kar kayi talla da sunan mai aikin. Apache 2.0 da ya fito a 2004 ya fi su tsawo saboda ya yi maganar fatent, wato haƙƙin mallakar ƙirƙira, a fili, duk wanda ya bada kod ya bada izinin fatent ɗinsa da ya shafi kod ɗin, wanda kuma ya kai ƙara kotu yana cewa aikin ya taka masa fatent toh nasa izinin ya faɗi, sannan in ka gyara fayil sai ka nuna ka gyara, in akwai fayil ɗin NOTICE ka tafi da shi. Yawancin Android da Kubernetes a kansa suke. Maganar fatent ba wasa bace, React na Facebook a da yana ɗauke da BSD haɗe da wani sharaɗin fatent da mutane suka ƙi, har WordPress suka ce za su bar shi, a Satumba 2017 Facebook suka maida shi MIT. A ganina ƙaramin laburare ko aikin koyo, sa MIT ka wuce. In kana fatan kamfanoni su shigo su taimaka, Apache 2.0 ya fi kwantar musu da hankali.

Gidan GPL kuma Richard Stallman ne ya assasa shi, GPL na farko 1989, na biyu 1991, na uku 2007. Sharaɗinsa shi ne in ka ba wani manhajar da aka gina da kod ɗin GPL, dole ka ba shi asalin kod ɗin gaba ɗaya a ƙarƙashin GPL ɗin. Akwai abu biyu da ake yawan ruɗewa a kai. Na ɗaya GPL bai hana sayarwa ba, ka sa kuɗin da kake so, amma wanda ya saya yana da haƙƙin kod ɗin kuma zai iya rabawa. Na biyu sharaɗin yana tashi ne lokacin da ka miƙa wa wani, in a ofis ɗinku kawai kuke amfani da shi ko a sabarku yake gudana mutane suna shiga ta burauza, GPL bai tilasta muku buɗe komai ba. Wannan ƙofar ce AGPL ya zo ya rufe, shi yace in ka gyara manhajar kuma mutane suna mu'amala da ita ta intanet toh sai ka ba su kod ɗin. Don haka wanda ya rubuta tsarin kula da makarantar Islamiyya ko na adashi da ke gudana a yanar gizo kuma ba ya son wani ya ɗauka ya rufe, GPL kaɗai ba zai kare shi ba, AGPL yake buƙata. Amma ya sani manyan kamfanoni da yawa suna gudun AGPL, Google ma ta hana ma'aikatanta amfani da shi a ayyukanta.

A tsakiya akwai LGPL da MPL 2.0. MPL, wanda Firefox ke kai, fayil-fayil yake bi: fayil ɗina in ka gyara ka buɗe gyaran, naka fayilolin ka yi yadda kake so. LGPL na laburare ne, manhaja rufaffiya za ta iya jingina da shi muddin mai amfani zai iya canza laburaren.

Sai ka haɗa amsar mataki na biyu da na uku, don wani lokacin zaɓin ma ba naka bane. In ka haɗa kod ɗin GPL cikin manhajarka ka rarraba, dunƙulallen aikin GPL zai zama, ba za ka manna masa MIT ba. Kod ɗin MIT yana shiga aikin GPL lafiya lau amma baya komawa ta ɗaya hanyar. Apache 2.0 yana haɗuwa da GPL na uku amma baya haɗuwa da GPL na biyu zalla, wato wanda bai ce "ko na gaba" ba. Masu yin filogin da jigon WordPress, kuma mun san su da yawa a nan don shi ne abincin yawancin masu haɗa shafi, WordPress GPL na biyu ne ko na gaba, kuma ma'ajiyarsu ba ta karɓar filogin sai lasisinsa ya dace da GPL. Masu niyyar App Store na Apple su ma su yi hattara da kod ɗin GPL na wasu, a farkon 2011 an cire VLC daga can saboda ƙorafin cewa ka'idojin shagon sun ci karo da lasisin.

Akwai wata magana da nasan tana zuciyar da yawa daga cikinmu kuma gara a faɗe ta. Mutum zai ce na yarda kowa ya ɗauka amma ban yarda a yi amfani da kod ɗina a shafin caca ba, ko wajen bashin ruwa. Na fahimci wannan sosai, duk wanda ya ga yadda beti ta cinye samari a unguwanninmu zai fahimta. Amma ma'anar buɗaɗɗiyar manhaja da OSI, ƙungiyar da ke tantance buɗaɗɗun lasisi, ta tsara tun 1998 ta hana nuna bambanci ga mutum ko ga fannin aiki, da zarar ka ƙara layin "banda masu kaza" lasisinka ya fita daga layi, tsare-tsaren Linux irin su Debian da Fedora ba za su ɗauka ba kuma baya haɗuwa da GPL. An taɓa gani, lasisin JSON ya ƙara jimla ɗaya cewa ayi amfani da manhajar wajen alheri ba sharri ba, wannan jimlar kaɗai ta sa ayyuka da yawa suka cire shi don babu lauyan da zai iya cewa ga iyakar sharri. In har zuciyarka ba za ta ɗauka ba, babu laifi, haƙƙinka ne ka riƙe kod ɗinka ka dinga bada izini ga wanda ka yarda da shi, sai dai kar ka kira shi buɗaɗɗe ka ruɗa mutane. Haka "kyauta ne amma banda kasuwanci", shi ma ba buɗaɗɗe bane. Kuma dan Allah kar ka zauna ka rubuta lasisinka da kanka, kar kuma ka sa wa kod lasisin Creative Commons, su kansu sun ce ba a yi shi don manhaja ba.

Mataki na huɗu, ka rubuta shi yadda babu mai sake tambayarka. Ka buɗe fayil mai suna LICENSE a saman ma'ajiyar, ka kwafo cikakken rubutun lasisin daga choosealicense.com ko shafin OSI, kar ka gyara kalma ko ɗaya sai gurbin shekara da suna. Sunan ya zama na mai haƙƙin na gaskiya, kai ko kamfaninku, ba laƙabin da abokai ke kiranka da shi a fada ba. A bar shi da Turancinsa don shi ne mai ƙarfin doka, in kana son bayani da Hausa ka sa a README kace wannan bayani ne kawai. A saman kowane fayil ka sa layi ɗaya irin na SPDX, tsarin gajerun sunayen lasisi, kamar haka:

SPDX-License-Identifier: MIT

Amfaninsa shi ne ko an cire fayil ɗin an kai shi wani aiki, lasisin ya bi shi. In GPL ka zaɓa toh akwai ƙaramin abu mai babban tasiri, GPL-3.0-only ko GPL-3.0-or-later. Na biyun ya ba mutane damar bin sabon GPL in ya fito nan gaba, na farkon ya ɗaure su a wannan. Linux GPL na biyu ne zalla, shi yasa har yau bai koma na uku ba. Rubuta "GPL" kawai ba lamba, ko "GPLv3" ba ka ce wanne ba, shi ne irin duhun da muke gudu. Sannan ka tabbata abin da ke package.json ko pyproject.toml ya yi daidai da na LICENSE, sau da yawa umarnin npm init ne yake cika wa mutum lasisin ISC shi kuma bai lura ba, LICENSE na cewa GPL, README na cewa MIT, abu uku a aiki ɗaya. Hotuna da sauti da fon da rubutun bayani, ka ware musu sashe a README ka faɗi na wane ne da lasisin kowanne. Wanda yake son tsari mai tsafta ya duba tsarin REUSE na ƙungiyar FSFE, yana da kayan aiki da zai gaya maka fayil ɗin da ka manta.

Mataki na biyar ya shafi ranar da wasu suka fara turo gyara. Duk wanda ya turo kod ka karɓa, haƙƙin wannan ɓangaren yana hannunsa, izini kawai ya baka ƙarƙashin lasisin aikin. Ka rubuta haka a fayil ɗin CONTRIBUTING. Hanya mai sauƙi ita ce DCO, shaidar asalin kod, da masu Linux suka fito da ita a 2004, mutum ya yi git commit -s sai layin Signed-off-by ya fito da sunansa, ma'ana ya shaida yana da ikon bada kod ɗin. CLA kuma takarda ce da mai turo gyara ke sa wa hannu, da ke ba mai aikin ƙarin iko har ya iya canza lasisi shi kaɗai, kamfanoni na sonta amma masu taimako da yawa suna ɗari-ɗari da ita, kuma suna da hujja: MongoDB ta koma SSPL, lasisin da ba buɗaɗɗe ba, a 2018, Elastic ta bi a 2021, HashiCorp ta canza na Terraform a 2023, Redis a 2024, mutane suka ɗauki fitowar ƙarshe da take buɗe suka cigaba da ita da sabon suna, daga nan OpenSearch da OpenTofu da Valkey suka fito. Abin lura a nan shi ne abin da ka riga ka saki da lasisi buɗaɗɗe baya dawowa, canji sai dai ya shafi na gaba. In kuma babu CLA kuma mutum goma sha biyar sun taɓa kod ɗin, canza lasisi na nufin ka nemo kowannensu ya yarda, wanda ya ƙi ko ya ɓace sai ka cire nasa ka sake rubutawa. OpenSSL sun kwashe shekaru suna wannan aikin kafin 3.0 ya fito da Apache 2.0 a 2021. Shi yasa nake matsa wa yara su yanke shawara tun suna su kaɗai a aikin.

In kai ne ka ci karo da kod mai kyau mara lasisi, ko wanda lasisinsa ya rikice, kar kayi shiru ka ɗauka. Ka buɗe masa ishu, wato saƙon tambaya, a GitHub cikin ladabi, "Malam, aikin nan ya burge ni ina son amfani da shi, amma ban ga lasisi ba, wanne kake nufi?" in ka ga dama ka bashi misali biyu ya zaɓa. Amsar "ba komai ɗauka kawai" a WhatsApp bata isa ba, ka roƙe shi ya saka fayil ɗin a ma'ajiyar da hannunsa don ta amfani kowa. In bai amsa ba ka nemi wani laburaren ko ka rubuta naka ba tare da kwafar nasa ba.

In kuma naka aka taka, wani ya cire sunanka daga kod ɗin MIT ko ya rufe na GPL, ka fara ajiye hujja, hoton shafin da tarihin kwamit ɗinka, wato jerin gyare-gyaren da ka ajiye, mai kwanan wata, sannan ka rubuta masa a asirce ka faɗi sharaɗin da ya karya da yadda zai gyara. Yawanci rashin sani ne kuma suna gyarawa, GPL na uku ma ya ba wanda aka fara yi wa gargaɗi kwana 30 ya gyara izininsa ya dawo. In ya yi kunnen ƙashi kuma kod ɗin a GitHub yake, suna da fom na ƙorafin DMCA, wato na taka haƙƙin mallaka, da za ka cike a sauke shi, in kuma magana ta kai ta kuɗi sosai toh lokacin neman lauyan da ya san Act 690 ne ko zuwa ofishin haƙƙin mallaka na ƙasa, kafin ka rubuta komai a Facebook.